Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya kan masu jinyar zukata da aka bari babu mai duba musu aiki

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da ka ɗauka.

Ni ma'aikaciyar jinyar zuciya ce a Maiduguri. Ba na rubuta magani, ba na yin allura. Aikina shi ne in zauna da mutum a ɗaki, ko a rumfar leda, ko a gindin maina, in saurare shi har ya kai inda bai taɓa kai wa kowa ba. Yawancin waɗanda nake zama da su 'yan gudun hijira ne daga Bama da Gwoza da Dikwa da Marte, sai kuma 'yan cikin gari waɗanda wannan fitina ta taɓa tun daga 2009. Tafarkin da na fi dogara da shi a aikina shi ne wanda ake kira logoterafi, wato jinya ta hanyar taimaka wa mutum ya gano abin da ya rage masa na ma'ana a rayuwa. Na rubuto maka ne a kan abu guda: mu da muke wannan aiki a wuraren da ake cikin tashin hankali, muna yin sa ne ba tare da wani ƙwararre da ke zama da mu a kai a kai yana duba yadda muke yi ba, kuma wannan gibi yana cutar da marasa lafiya kafin ma ya cutar da mu.

Bari in fara da kuskurena, domin shi na fi sani.

Shekarun baya wata baiwar Allah ta zo wurina. Na sauya wasu abubuwa a labarin don kada a gane ta. An kashe mijinta da 'ya'yanta maza biyu a gabanta, ta tsira da ƙanana uku. A zamanmu na uku ta ɗago kai ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Malama, me ya sa ni aka bari?" Ban bari tambayar ta huce ba. Na ce mata, "Allah ya bar ki ne domin ki riƙe waɗannan ƙananan." Ta yi shiru, ta ce, "Haka ne." Ta yi godiya, ta gyara mayafinta ta tafi. Ba ta sake dawowa ba. Na rubuta a fom cewa an kammala da ita, kuma na yi watanni ina ganin na faɗa mata magana mai kyau.

Sai da aka kusa shekara na samu zama da wata babbar ma'aikaciya da ta girme ni a aikin, wadda ta zo garin na 'yan kwanaki. Na ba ta labarin ina sa ran ta yaba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Amsar nan da kika ba ta, zuciyar wa ta sanyaya? Taki ko tata?" Na kasa magana. Gaskiyar ita ce tambayar matar ta yi mini nauyi, na kasa zama da ita ko na minti ɗaya, sai na rufe ta da amsa. Mai yiwuwa abin da take son faɗa shi ne tana jin laifin rayuwa, ko tana fushi, ko akwai dare da take tunanin bin su. Na toshe ƙofar da ta ɗauki zama uku tana ƙoƙarin buɗewa. Da a ce ina da wanda nake kai wa aikina duk mako biyu, da an nuna mini wannan tun tana iya dawowa.

Wannan haɗari ya fi kusa da mu masu bin tafarkin ma'ana fiye da sauran abokan aikinmu, kuma ina so ka fahimci dalili. Wanda ya kafa tafarkin, Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ne Bayahude daga birnin Biyana na Ostiriya. An haife shi a 1905, ya rasu a 1997. 'Yan Nazi sun kama shi da iyalinsa a 1942, ya bi ta sansanoni har da Auschwitz, aka 'yanto shi a 1945. Mahaifinsa da mahaifiyarsa da ɗan'uwansa da matarsa duk sun mutu a sansanonin. Abin da ya koyar shi ne mutum yana iya samun ma'ana ta hanyar aikin da yake yi, ko ta hanyar wanda yake ƙauna, ko ta hanyar matsayin da ya ɗauka a gaban wahalar da ba ta da makawa. Amma ya gindaya sharuɗɗa biyu da ake yawan mantawa. Ma'ana ba a rubuta wa mutum ita kamar ƙwayar magani, shi ne zai gano ta da kansa, aikin mai jinya shi ne tambaya da haƙurin jira. Sannan wahalar da za a iya kawarwa, kawar da ita ake yi, ba a neman ma'ana a cikinta. Daga baya likita William Breitbart na asibitin ciwon daji na Memorial Sloan Kettering a birnin New York ya tsara wannan tunani ya zama zama bakwai ga mutum ɗaya, ko takwas ga rukuni, domin masu ciwon dajin da ya yi nisa.

To ka kawo wannan tafarki ƙasar da kowa ya tashi da "sai haƙuri" da "haka Allah ya ƙaddara" a bakinsa. Kalmomi ne na gaskiya, ni ma da su nake rayuwa, kuma na ga sun riƙe mutanen da babu abin da zai riƙe su. Amma tazarar da ke tsakanin jinya da wa'azi a nan ba ta fi faɗin gashi ba. Mai jinya da ya gaji, ko ya tsorata da abin da yake ji, cikin sauƙi zai koma mai wa'azi bai sani ba, ya riƙa miƙa wa mutane haƙuri tun ba su gama kuka ba. Alhali Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Addinin bai hana kuka ba, mu ne muke gaggawar share hawayen don mu samu sauƙi. Akwai kuma ranar da mai zama a gabana Kirista ce daga Chibok ko daga bayan dutsen Gwoza, wadda ma'anarta ke fitowa daga labarin Ayuba da waƙoƙin cocinsu. Wa zai lura idan na fara jan ta zuwa inda ni nake samun natsuwa? Ni dai ba zan lura ba, domin daga ciki abin kama yake da taimako.

Sharaɗin Frankl na biyu ma yana da nasa tarkon. Mace ta zo tana cewa tunani ya yi mata yawa, ba ta barci. Ka bincika ka tarar kwana biyu ba a ɗora tukunya a ɗakinta ba, katin abincinta ya daina aiki. Wannan buhun masara take buƙata da wanda zai bi mata kadin katinta. Idan na zaunar da ita ina tambayarta abin da wahalar nan ta koya mata, na zalunce ta da sunan jinya. Sanin inda aikina ya ƙare, aikin wani ya fara, yana cikin abin da ake koya a gaban na gaba.

Za a ce mana ai kuna da sufabaiza. Muna da su. Sufabaizan da na sani yana zuwa ne ya ƙirga fom: mutum nawa aka gani a wannan wata, mata nawa, yara nawa, an cike gurbin shekaru ko ba a cike ba. Aikinsa ne, kuma masu ba da kuɗi suna jiran alƙaluman. Amma shi ne kuma yake sa hannu a sabunta kwantiragina. Ba zan taɓa zama gabansa in ce na yi kuskure da wata mata har ta daina zuwa ba, ko in ce tun da na saurari labarin wani yaro nake mafarkin ana bin ɗana da bindiga. Wanda ke riƙe da abincinka ba shi kake nuna wa rauninka ba. Abin da nake nufi da zaman duba aiki daban ne: lokaci ne tsayayye, na sirri, da ƙwararre wanda ya fi ni daɗewa a jinya kuma ba shi da hannu a albashina, inda zan kawo mutanen da suka gagare ni, a duba abin da na faɗa da abin da na kasa faɗa, a kuma duba abin da aikin ke yi wa zuciyata.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu in an duba. A tsangayun Barno, alaramma da ya haddace Alƙur'ani har ya rubuta shi da ka bai daina zama a musaffa ba, inda 'yan'uwansa ke saurare suna gyara masa wasali. Ba wanda ke ganin hakan raini ne. Ungozoma ba ta fara karɓar haihuwa ita kaɗai sai ta daɗe a bayan wata. A fannin likitanci ma haka yake. Tun shekarun 1950 Michael Balint ya riƙa tara likitoci a Landan suna tattauna abin da ke gudana tsakaninsu da marasa lafiyarsu, kuma har yau ana irin wannan zama da sunansa a ƙasashe da dama. Babbar ƙungiyar masu ba da shawara da jinyar zuciya ta Birtaniya, BACP, tana shar'anta wa mambobinta da ta tantance aƙalla awa ɗaya da rabi na irin wannan zama kowane wata, kuma su a ƙasar da ake zaman lafiya suke aiki. A Zimbabuwe, shirin bencin abota da likita Dixon Chibanda ya fara a Harare ya horar da tsofaffin mata su riƙa sauraron masu ciwon damuwa a harabar asibitocin unguwa, kuma bai sake su su kaɗai ba, akwai na gaba da su da suke komawa wurinsu. Tsare-tsaren Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da muke amfani da su a nan, irin su mhGAP da PM+, dukkansu an gina su ne a kan cewa bayan horo akwai mai ci gaba da dubawa. Mu mun ɗauki horon mun bar sauran. Ana kai mutum bita ta kwana biyar a otal, a ba shi takardar shaida da jaka, a tura shi Monguno ya zauna da wanda aka yanka mahaifinsa a gabansa.

Akwai kuma abin da littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika tanada ba. An zaci mai jinya yana tsaye ne a kan tudu yana miƙa hannu ga wanda ke cikin ruwa. A nan dukanmu muna cikin ruwan, kuma a watan Satumban 2024 maganar ta tashi daga misali. Daren 9 wayewar 10 ga wata madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Fori da Kasuwar Monday da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa, irin wanda garin bai gani ba tun 1994. Sansanin Bakassi da aka rufe a 2021 sai da aka sake buɗe shi. Cikin waɗanda aka kira su fito su tallafa wa mutane akwai abokan aikina da su ma ruwa ya cinye ɗakunansu, suna zuwa aiki da kayan aro. Na ga wata ta wuni tana sauraron mata suna lissafa abin da suka rasa, ita kuma ba ta san inda mahaifiyarta ta kwana ba. Da yawa cikinmu sun binne ɗan'uwa a wannan fitina. Wasu an taɓa korar su daga garuruwansu. Idan wanda aikinsa shi ne taya mutane neman ma'ana ya wayi gari shi kansa yana tambayar amfanin abin da yake yi, ina zai kai wannan tambaya?

Masana sun daɗe da sanin abin da ke biyo baya. A 1990 Lisa McCann da Laurie Pearlman suka bayyana yadda yawan sauraron labaran azaba ke sauya yadda mai jinya yake kallon duniya, har ya daina yarda da mutane. Charles Figley ya yi ta rubutu a kan gajiyar da tausayi ke jawowa. Mu ba mu buƙaci karanta su kafin mu gane ba. Muna ganinta a abokin aiki da ya fara duba agogo mutum yana tsakiyar kuka, da wadda ta koma tsawa ga 'ya'yanta a gida, da wanda hawan jini ya kama yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, da waɗanda suka ajiye aikin suka koma sayar da kaya ba su gaya wa kowa dalili ba. Kuma ba ma faɗa. Wanzami ba ya son jarfa. Mai jinyar zuciya ya fi kowa jin kunyar cewa tasa zuciyar ta gaji, musamman a inda za a iya ce masa imaninsa ne ya yi rauni.

Kada a manta da tafintoci. Yawancin waɗanda nake gani Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Margi ko Mafa ne harshensu, Hausa aro suke yi. Yarinyar da ke mana tafinta tana jin labarin fyaɗe da kunnenta, sannan ta maimaita shi da bakinta tana cewa "suka kama ni", domin haka tafinta ke yi. Sau biyu labarin ke ratsa ta. Ana biyan ta alawus na wuni, ta koma gida. Sunanta ba ya cikin kowane tsari na kula da ma'aikata da na taɓa gani.

Wasu tambayoyin kuma sun fi ƙarfin mutum ɗaya ko da zuciyarsa lafiya lau take. Saurayi ya gaya mini yana tunanin kashe kansa, ina sane da cewa sashe na 231 na dokar Final Kod ya tanadi hukunci ga wanda ya yi yunƙurin hakan. Wa zan sanar, ta yaya, ba tare da na jefa shi a wani ramin ba? Tubabben ɗan Boko Haram ya zauna gabana yana neman yadda zai rayu da abin da hannunsa ya aikata, kuma mai yiwuwa matar da na gani da safe mijinta na cikin waɗanda ya kashe. Yarinya ta dawo daga daji da goyo, danginta suna kiran jaririn da sunan da ba zan rubuta ba. Irin waɗannan hukunce-hukunce nake yankewa ni kaɗai, wani lokaci a cikin Keke Napep a hanyar gida.

Mai girma Minista, ƙofar gyara a buɗe take. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatarka da asusu domin wannan fanni. Roƙona shi ne a cikin ƙa'idojin da za su fito ƙarƙashin wannan doka a rubuta ƙarara cewa duk wanda ke jinyar zuciya a yankin da ake rikici ko annoba, ma'aikacin gwamnati ne ko na ƙungiyar agaji ko ɗan sa-kai, yana da haƙƙin zaman duba aiki aƙalla sau biyu a wata, a cikin lokacin aiki, da wanda ba shugabansa ba ne. A kuma hana kowace ƙungiya fara shirin tallafin zuciya in babu wannan a kasafinta da sunansa da adadinsa. Na nace a kan kasafi ne saboda abin da na gani. Da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare a farkon 2025, shirye-shirye da dama sun tsuke, kuma a inda nake aiki a lokacin ɗan zaman da muka samu muka kafa da ƙyar shi aka fara yankewa, domin ba ya haifar da alƙaluman da za a sa a rahoto.

Na san za a ce ina masu dubawar? Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kullum wasu na ficewa. Gaskiya ne. Amma ba dole sai likita ba. Muna da ƙwararrun masana halayyar ɗan'adam, da nas-nas na ɓangaren ƙwaƙwalwa, da ma'aikatan jin daɗin jama'a da suka shekara goma a sansanoni. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da Kaduna da Kware suna iya zama cibiyoyin horar da su, domin iya jinya daban, iya duba aikin wani daban, kuma na biyun ma koyon sa ake yi. Mutum ɗaya da aka horar zai iya riƙe rukunin ma'aikata shida ko bakwai. Wanda ke Banki ko Damasak ko Pulka, inda hanya ba ta biyuwa kullum, ana iya yi masa ta waya ranar da sabis ya samu, in dai an tsayar da ranar kuma an biya kuɗin katin. Cibiyar tallafin zuciya ta ƙungiyar Red Cross ta duniya da ke Kopenhagen ta riga ta fitar da tsarin duba aiki domin wuraren agajin gaggawa, ba sai mun fara daga tushe ba. Abin da ya rage mana shi ne mu mayar da shi harsunanmu, mu kuma tabbatar mai dubawar ya san wurin. Na taɓa zama da wata ƙwararriya ta intanet daga wata nahiya, mutuniyar kirki, amma rabin lokacin ya tafi wajen yi mata bayanin mece ce takaba da dalilin da ya sa mace ba za ta ambaci sunan mijinta ba.

Abin bai tsaya a Barno ba. Waɗanda suka karɓi ɗaliban Ƙanƙara a 2020, da 'yan matan Jangebe a 2021, da yaran Kuriga a 2024, suka zauna da su bayan an sako su, wa ya zauna da su su ma? A Zamfara da Katsina da Sakkwato ma'aikatan sun fi namu ƙaranci, kuma idon duniya bai kai can kamar yadda ya kai nan ba. 'Yan'uwanmu da ke wannan aiki a Diffa da Maraɗi mutanenmu suke saurare da harshenmu, duk abin da muka tsara da Hausa zai amfane su.

Yanzu haka akwai wata yarinya da aka haɗa ni da ita, ba ta fi wata huɗu da fara aiki ba. Makon jiya ta same ni bayan an tashi, ta ce, "Anti, wata mata ta tambaye ni abin da ban san amsarsa ba, sai na yi shiru. Na yi laifi?" Na zaunar da ita muka yi kusan awa guda a kan benci, har aka kira magariba. Na gaya mata shirun nan nata ya fi amsar da ni na taɓa bayarwa. Amma wannan zama ba ya cikin jadawalin kowa, ni ma ba a horar da ni yin sa ba, kuma kwantiragina zai ƙare nan da wata uku. Ina roƙon ka sa a tanadar mata wanda za ta riƙa kai wa irin wannan tambaya bayan na tafi.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Wata ma'aikaciyar jinyar zuciya,
Maiduguri, Jihar Barno